Dafaffun Hotunan Alhaji Mahmudu

Duk layinmu a Nassarawa GRA babu wanda Alhaji Mahmudu bai taɓa koya wa sana'arsa ba. Ya koya wa likita auna jini, ya nuna wa mai lambu inda ruwa ya kamata ya bi, ya taɓa tsare mai gyaran janareto da bayani har mutumin ya tattara kayansa ya tafi bai gama ba. Ni katanga ɗaya ce tsakanina da shi, don haka abin da kunnena ya sha Allah kaɗai ya sani. Mutumin kirki ne, wannan ba zan hana shi ba, hannunsa a sake yake. Amma tun da ya yi ritaya ya sayi wata waya mai idanu uku a bayanta, muka rasa sakat.

Wata la'asar muna zaune a ƙofar gidan Alhaji Abdulbaqi, tsohon ma'aikacin banki, Babarbare mai tsage zara-zara tun daga goshi, sai ga Mahmudu ya iso yana goge wayar da hannun riga.

"Ku duk nan ba ku san hoto ba," ya ce tun kafin ya zauna. "Latsawa kawai kuke yi. Hoton da aka ɗauka aka bar shi haka ɗanye ne, kamar naman da aka kawo daga mahauta. Sai an dafa shi."

"Ni dai a nawa ganin," in ji Abdulbaqi, "in mutum ya yi tafiya, abin da ya gani shi zai kawo mana. In duhu ya yi yawa a ƙara haske, na yarda. Bayan wannan kuma an shiga ƙarya."

"Shi ya sa a hotonka na Dubai ka fito kamar wanda ya ɓata a tasha."

"Ai ɓatan na yi," in ji Abdulbaqi.

Dakta Yahaya, Bagobirin da ke gidan kan kwana, ya yi dariya har ya ƙware. Mahmudu bai kula shi ba. Ya gyara zama ya sanar da mu cewa jibi zai fita ƙasar waje, in ya dawo kuma zai nuna wa GRA abin da ake kira hoton tafiya. Muka ce ina? Ya ce Nijar. Dakta ya ce ai gara ya yi guzuri sosai, kada ya wuce Daura yunwa ta kama shi.

Tafiyar ba tasa ba ce, ta Gwaggo Dije ce, yayar mahaifinsa, wadda ke zaune a sashen baya na gidansa. A goye aka shigo da ita Kano, iyayenta kuma suka rasu ba ta kai ga tambayar su sunan garinsu ba. Ƙaninta, mahaifin Mahmudu, a Kano aka haife shi, ba a yi masa tsage ba. Ita kaɗai ce a duk dangin da zane a fuska: 'yan baka uku gajeru a kowane gefe, da wani guda a ƙasan idon hagu wanda ya lanƙwasa kamar lauje. Babu wanda ya taɓa ganin irinsa a Kano. Hajiya Mairo ta Badawa, ƙanwar marigayi mijinta, tun Gwaggo tana amarya ta riƙe wannan a baki. Duk biki, duk suna, sai ta ce: "Tsagen Dije ai ba shi da gari. Wanzami ne hannunsa ya zame." Mata su yi shewa, Gwaggo ma ta yi dariya, ta koma ɗaki ta ƙi cin abinci.

Ana haka wani ɗan kasuwar hatsi ya gan ta a wurin wata gaisuwar rasuwa, ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Hajiya, ke ba 'yar Gawon Bako ba ce, can gaba da Magarya? Duk tsofaffin garin haka fuskarsu take." Ranar Gwaggo ba ta iya zama wuri ɗaya ba.

"Mamuda," ta ce wa ɗan ƙaninta, "ba na son komai a wurinka. Ka kai ni, ka ɗauko mini fuskokinsu, Mairo ta gani da idonta kafin ɗayarmu ta mutu."

"Gwaggo, kin zo gidan hoto," in ji Mahmudu. "Ki ɗauka an gama."

Ya sayo wata 'yar shara mai aljihu ko ta ina, da malafa irin ta masu yawon buɗe ido. Gwaggo ƙaramar waya ce da ita mai tocila, ba ta hoto. Lawan direba kuwa tun a ƙofar gida Mahmudu ya ja masa kunne: kada ya kuskura ya ciro waya, hoto ba wasan yara ba ne, ya riƙe sitiyarinsa.

Suka je, kuma suka samu. Tsohuwar farko da suka tarar a bakin rijiya, da ta ɗago kai sai Gwaggo ta dafa mota ta fashe da kuka. Kafin azahar an gano gidansu, an kawo mata Malam Ƙasimu, ɗan ƙanin mahaifinta, dogon tsoho mai laujen nan a ƙasan idon hagu. Aka yanka akuya, aka dama fura. Mahmudu ya shiga aiki: ya kwanta a ƙasa, ya hau turmi, ya jera tsofaffi a gindin rumbu yana ta cewa su matso. Wajen ja da baya don kowa ya fito ya zauna daɓas cikin ruwan da aka zuba wa jaki. Ya tashi ya ce da gangan ya yi, daga ƙasa hoto ya fi armashi.

Da za su taho ya tsaya a tsakar gida ya buga ƙirji.

"Asabar ta sama zan haska ku a bango, manyan Kano su gan ku. Duk mai so ya zo. In kun sauka ku ce gidan Alhaji Mahmudu na GRA kawai. Babu ɗan adaidaitan da bai san ni ba."

"Allah ya nuna mana, ɗana," in ji Malam Ƙasimu. Mahmudu ya ɗauka irin amsar nan ce ta baki, ya manta da ita kafin su kai titi.

Matsalar ta fara ne daga majalisarmu. Da muka je yi masa barka da dawowa, Dakta ya tambaye shi yaya gidan kakannin. Mahmudu ya kalli sama ya ce katafaren gida ne, irin na da, mai tarihi. Abdulbaqi ya ce da bene? Mutumin naku ya ce, "Ai sai kun gani." Daga nan ya ɗaure kansa. Ya gayyaci layi kaf, maza da mata, ya aika Badawa a ɗauko Hajiya Mairo ranar Asabar, ya ari majigi, ya shige falo ya kulle ƙofa.

Abin da ya faru a ciki matata ce ta ji shi daga bakin matarsa, Hajiya Rahma, don haka ba ƙage nake yi ba. Ya fara da kansa: ya rage tumbi, ya ƙara tsawo. Ya koma kan gidan: ya cire rumbu, ya cire danga, ya dasa bene mai hawa biyu da koriyar ciyawa. Ya cire jaki. Sannan a cikin manhajar gyaran hoto ta wayar ya gano wani wuri da ke gyara fatar fuska. Ya ja shi har ƙarshe, ya ga tamoji sun ɓace, daɗi ya kama shi, ya latsa a yi wa duka hotunan haka. Manhajar ta tambaye shi, a ajiye na asali? Ya yi tsaki. Ƙwararre ya ajiye ɗanye ya yi me da shi? Ya goge, ya bi su kwandon sharar wayar ya sake gogewa, don shi ba ya aiki rabi da rabi.

Ranar Juma'a da safe ya kira Hajiya Rahma ta zo ta ga ikon Allah.

"Dubi Gwaggo. Na mayar da ita 'yar talatin."

Hajiya ta karɓi wayar, ta matso da ita, ta nesanta.

"Alhaji, wace ce wannan?"

"Gwaggo mana."

"Ina tsagenta?"

Ya karɓa ya duba. Ya wuce na gaba, ya wuce na gaba. Gari guda na tsofaffi, kowa fuskarsa sumul kamar ƙwai.

"Me aka je yi Nijar, Alhaji?"

"Ƙaramin abu ne."

"To dawo da na asalin."

Ya hau sosa ƙeya.

"Innalillahi," in ji Hajiya Rahma. "Ka dafa har ya ƙone. Tashi ka kai kasuwar waya ko yaran nan za su iya tono su."

"Ni? Ni zan kai wa yaran da ke koyo a wurina? Hajiya, wanda ya iya cirewa ya iya mayarwa. Akwai alƙalami a ciki. Da wannan yatsan zan zana su, babu wanda zai gane."

Ya ɗaga babban yatsansa, wanda kaurinsa ya kai na muciya. Hajiya ta ce ita dai babu ruwanta, ta koma kicin.

Ya buɗe hoton Gwaggo ya ɗora yatsa, sai ya tsaya. Tsagen nawa ne? A wane gefe lanƙwasar take? Matar nan ita ta goya shi, a gidansa take kwana take tashi, amma wallahi ya rasa. Tsawon rayuwarsa bakinsa ne ke aiki, idon hutawa yake yi.

Ya lallaɓa sashen baya, ya same ta tana shan kunu. Ya gaishe ta, ya durƙusa, ya zuba mata ido yana motsa leɓe. Gwaggo ta kurɓa, ta kalle shi. Ya matso. Ta ajiye ludayi.

"Lafiya, Mamuda?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Ɗan juyo nan."

"Likita ya gaya maka wani abu ne a kaina?"

"A'a, wallahi."

"To me kake ƙirgawa a fuskata kamar mai sayen tunkiya? In lokaci ne ya yi ka faɗa mini in nemi gafarar mutane."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Ya fito da rabin ƙirge, kafin ya kai falo shi ma ya zube.

Wani mai hankali a nan zai tsaya. Mahmudu kuwa cewa ya yi, tsage ai tsage ne. A masallacin Juma'a na lura yana zaune kusa da Abdulbaqi yana ta leƙen fuskarsa, har Abdulbaqi ya shafa kumatu ko wani abu ne ya maƙale. Bayan an idar ya bi Dakta Yahaya har mota yana yi masa hirar da ba ta da kai, idonsa a kan kuncin mutum. Ya koma gida ya raba wa mutanen Gawon Bako abin da ya kwaso. Inda ya ƙare masa ya ƙara daga kansa.

Asabar bayan la'asar falon ya cika. Maza a dama, mata a hagu, an saki labule, an zagaya da zoɓo da cincin. Gwaggo ta sha lalle, ta ɗaura atamfar da ta daɗe tana ajiya, an sa mata kujera a gaba. Hajiya Mairo ta iso da sandarta da tabarau, ta zauna dab da ita.

"To Dije, yau za mu ga garin da wanzamai ke aiki da ido rufe."

"Za ki gani," in ji Gwaggo cike da murna.

Mahmudu ya tsaya gefen bango da 'yar shararsa mai aljihu, riƙe da sandar labule ta nuni. Ya yi jawabi a kan haske da inuwa har zoɓo ya huce. Sannan ya haska na farko.

Wani siririn saurayi ne tsaye a bakin hanya. Bishiyar da ke bayansa ta lanƙwaso daidai cikinsa kamar iska ta buge ta.

"Wannan fa?" in ji Abdulbaqi.

"Ni ne."

"Ina ka bar sauran naka? Kwastan suka riƙe?"

"Alhaji," in ji Dakta yana gyara tabarau, "wannan tabon sallar a hanya ya ƙaru haka? Ya kai bakin kofi fa."

Ashe manhajar ta haɗa da tabon goshinsa ta shafe, shi kuwa wannan bai manta ba, ya mayar da shi har da ƙari. Mahmudu ya ce zafin ƙasar can ne, ya yi maza ya wuce.

Na biyu ya fito: bene fari ƙal, ciyawa shar. A gabansa wani mutum cikin shuɗiyar riga ya miƙa hannu ya jingina da iska. Igiya na tsaye ita kaɗai a sarari, a ƙasa kuma inuwa ce mai dogayen kunnuwa.

"Ikon Allah," in ji matata daga ɓangaren mata. "Aljanin gidan ne?"

"Inuwar mota ce," in ji Mahmudu.

"Mota mai jela?"

Gwaggo ta leƙa ta sake leƙawa. "Mamuda, nan ina ne? Ba mu je nan ba."

"Gidanku ne, Gwaggo. Na ɗan share shi ne."

"Wuce wurin mutanen," ta ce. "Ni mutanen nake so."

Ya haska hoton gindin rumbu, wanda yanzu ya koma gindin bene. Tsofaffi ne jere, Gwaggo a tsakiya. Abdulbaqi ne ya fara miƙewa.

"Kai! Wancan na gefe ai namu ne. Wannan zanen Barebari ne tsaf. Me kawuna yake yi a Nijar?"

"Ta kusa da shi kuma tamu ce," in ji Dakta. "Bagobira ce, amma an cuce ta, gefe ɗaya kawai aka yi mata."

"Wancan kuma fa mai gashin bakin kyanwa?"

"Ku dubi jaririn nan, nasa ya zarce har kan zanin uwarsa!"

"Akuyar ma an yi mata bille!"

Dariya ta ɓarke. Wani ya faɗo daga kan kujera. Mahmudu yana ta buga sandar labule a bango yana cewa a saurara, akwai bayani, a can ƙasar kowane ɗaki da nasa salon. Babu mai jin sa. A tsakiyar hoton kuwa ga wata budurwa sanye da mayafin Gwaggo, an ja mata layi biyar a kumatu ɗaya, biyu a ɗayan, laujen kuma ya koma ƙasan idon dama ya juya baya.

Hajiya Mairo ta share hawayen dariya da gefen gyale.

"Dije, wannan dangi ne ko tashar mota? Kowa da inda ya fito! Ke kanki ma a can canza miki suka yi. Na faɗa, ba yau ba. Tsagen nan ba shi da gari."

Gwaggo ta kawar da kai daga gare ta. Ta zauna hannuwanta masu lalle a kan cinya, tana kallon bango. A nan dariyata ta tsaya, kuma in faɗi gaskiya haushin Mahmudu ya kama ni har wuya. Tsohuwar nan abu ɗaya ta roƙa.

"Mamuda," ta ce a hankali, "ina mutanena?"

"Gwaggo, ai su ne. Abin da ba ki gane ba, a harkar hoto na zamani..."

"Nuna mata na asalin," in ji Abdulbaqi, shi ma ya daina dariya.

Mahmudu ya shiga lalube aljihun 'yar shara ɗaya bayan ɗaya, kamar a can ya ajiye su. Aljihun da yawa, ya samu ɗan lokaci.

"Ya goge," in ji Hajiya Rahma daga bakin ƙofa. "Har kwandon ya wanke."

Gwaggo ta dafa kujera za ta tashi. Daidai nan aka yi sallama daga waje, wata doguwar sallama mai ƙarfi irin ta mutanen da suka saba kira daga bakin gona. Aka buɗe ƙofa, haske ya shigo, tare da shi wani dogon tsoho cikin shuɗiyar riga, da matarsa, da wasu tsofaffi biyu. Ɗaya na ɗauke da ƙullin gero, ɗaya ya rataya zabi biyu.

"Ƙasimu!" in ji Gwaggo.

"Yaya Dije, mun same ku lafiya?" Ya juya ga Mahmudu. "Ɗana, ka ce kowa ya san ka. Tun hantsi muke yawo cikin adaidaita. Duk wanda muka ce wa Alhaji Mahmudu sai ya ce wanne. Har wani wuri aka kai mu wai shi Kawaji."

"Sababbin direbobi ne," in ji Mahmudu da wata siririyar murya.

"To ta yaya kuka gane gidan, Baba?" in ji Dakta.

"Wata mai ƙosai ce a bakin titin can. Ban ma buɗe baki ba, ta kalli fuskata ta ce, gidan Gwaggo Dije kuke nema, ku miƙe, baƙin ƙyaure."

Aka ba su wuri. Malam Ƙasimu ya zauna, ya sha ruwa, ya ce to a haska su ɗin, abin da ya kawo su ke nan. Mahmudu ya kai hannu zai kashe majigi, Abdulbaqi ya riƙe masa hannu. Tsohon ya ɗaga kai ya kalli bango, ya ƙanƙance ido.

"Wane ne wancan ya sa rigata?"

Ya nuna hoton da yatsa.

"Kuma ya zauna jikin matata. Binta, wane ne wannan yaron?"

"Ni ma ban san ni ba, Malam, balle shi," in ji matar.

"Kai ne, Baffa," in ji Mahmudu.

"Ni? Da gashin bakin mage? To wannan benen fa?"

"Gidanka ne."

"Madalla. A ba ni makulli. Amma rumbuna fa? Geron bana duk yana ciki."

Dakta ya mayar da hoton baya don a nuna masa sauran. Tsohon ya ga mai jingine da iska, ya ga igiya, ya ga inuwa.

"Wannan dai na gane shi," ya ce. "Inuwar jakina ce. A duk abin da aka nuna, ita kaɗai ce ba a taɓa ba."

Zabin nan kuma, da suka ji ihun dariya, ɗaya ta kuɓuce ta tashi fir ta sauka a kan majigi, ta ture shi. Benen ya karkace ya hau silin, sannan ya mutu. Wani ya zuge labule.

Cikin hasken la'asar Hajiya Mairo ta dogara sanda ta miƙe. Ba ta dariya yanzu. Ta je gaban Malam Ƙasimu ta tsaya, ta goge tabarau ta mayar. Ta kalli tsohon da ke riƙe da zabo, ta kalli mai gero. Ta dawo kan Gwaggo, ta daɗe tana dubawa, har ta kai yatsa ta bi laujen nan na ƙasan ido.

"Dije," ta ce, "ashe hannun wanzamin bai zame ba."

"Bai zame ba, Mairo."

"To ki yafe mini. Bakina ne ya zame."

Gwaggo ta kama hannunta, hawaye na bin tsagen. Mata suka ɗauki guɗa. Ni ma sai da na juya na yi kamar ina neman hulata.

Kuna tsammanin Mahmudu ya lafa? Sai ga shi ya ɓullo daga bayan kujera da waya a sama.

"Yauwa! Dama haka na tsara. Ku matso, hasken ya yi daidai. Baffa, ɗan juyo."

"Tsaya, Mamuda," in ji Gwaggo. "Sauke wayar. Kalle ni."

Ya sauke.

"Nawa ne?"

Ya kalle ta, karon farko bakinsa a rufe.

"Uku nan, uku nan."

"Laujen fa?"

"Idon hagu, Gwaggo."

"To latsa sau ɗaya, ka miƙa wa Rahma wayar."

Haka aka yi. Hajiya Rahma ce ta kai aka wanke, aka sa a gilashi, yana nan rataye a ɗakin Gwaggo. Ya ɗan karkace, Hajiya Mairo idonta a rufe, zabuwa ta shigo ta gefe, amma kowace fuska da zanenta. A kusurwar sama kuma wani abu ne ja-ja ya tokare kusan kwatan hoton, babban yatsan mai ɗauka.

Ranar da muka shiga gani, Mahmudu ya tsaya gabansa yana karkata kai.

"Gwaggo, wannan yatsan ƙaramin aiki ne. Ki sa Rahma ta ba ni wayar in cire miki shi yanzu."

"Bar shi, Mamuda," in ji Gwaggo. "Da shi aka yi ɓarnar. Gara shi ma a san fuskarsa."